Wuƙar da Mai Agogo Ya Saya wa Baba

Ku da kuke ta turo saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, ba jan aji nake yi ba. Tun da abin nan ya faru yau na kasa zama wuri ɗaya, sai yanzu na iya riƙe waya. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda aka kwana: ni ce auta a gidanmu, Auta kowa ke ce mini, kuma akwai wani bawan Allah mai gyaran agogo da ya hana ni sakat har sai da na ba shi izini ya zo ya gaida Baba. Yau ce ranar.

Da safe ina cikin goge doguwar rigata ruwan zuma, wadda na ɓoye a ƙasan akwati don wannan rana, wayata ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, kin tashi? Na samo wa Baba abin da ya fi so a duniya."

Na yi murmushi ni kaɗai, na rubuta, "Turare?"

"A'a."

"To agogo, tunda ba ka san komai ba sai shi."

"Raina ni dai. Duba."

Hoto ya shigo. Wata 'yar wuƙa ce ta aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan ta mutanen da, kwance a tafin hannunsa. Ban san na bar dutsen guga a kan hannun rigar ba sai da na ji ƙauri.

Dole in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Baba ya yi rayuwarsa yana sayar da 'ya'yan itatuwa. Yana da wata tsohuwar wuƙa mai naɗewa da ba ta rabuwa da aljihunsa, da ita yake fere lemo tun daga sama har ƙasa ɓawon bai tsinke ba, ya miƙa mini in rataya a wuya ina yarinya. Bara hannunsa ya fara rawa. Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, sannan maɓallin riga ya gagare shi. Ranar da wuƙar ta yanke shi a tafin hannu, Mama ta ɗauke ta ta cusa a ƙasan buhun barguna, ta ce masa ta ɓata. Ya neme ta har cikin kwandon shara. Tun daga lokacin bai ƙara zama da baƙo ba tare da ya ɓoye hannayensa ba.

Ni kuma da shegen surutuna na ba Mai Agogo labarin ɓawon lemo, na ce wuƙar ta ɓata, Baba na kewarta. Rabin labarin na ba shi. Sauran rabin Mama ta hana, saboda shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa mahaifiyarsa ta rusa maganar auren yayansa don an ce mata akwai ciwo a dangin yarinyar. Likita ya ce na Baba ba lallai a gada ba. To amma wa zai tsaya sauraron likita in uwar miji ta riga ta ɗaure fuska?

Na ruga kicin da wayar. Mama na wanke kofunan gilashin da ba a fito da su sai an yi babban baƙo. Ta duba hoton, ta goge hannu a zaninta, ta sake dubawa.

"Inna lillahi. Wa ya aike shi?"

"Ni ce na ce masa ta Baba ta ɓata."

"Ai ga shi nan! Baki shi ke yanka wuya. Kin san ubanki, in ya ga wuƙa sai ya buɗe ta ko da a gaban sarki ne. Maza ki sa mayafi ki je ki hana shi."

"Mama, ko dai in gaya masa gaskiya kawai?"

Ta juyo ta zuba mini ido. "Auta, in kika buɗe baki kafin a ɗaura, ban yafe ba. Mutuncin ubanki ne, kuma aurenki ne. Ki ce masa ko me za ki ce, ban da wannan."

Gaba kura, baya sayaki. Na ja mayafi na fita ko hoda ban shafa ba.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Agoguna sun rufe bango, kowanne da lokacin da yake faɗa. Na same shi sunkuye a teburinsa, gilashin nan na ido ɗaya maƙale a fuskarsa, yana ɗaukar wata 'yar ƙusa da ko ƙwayar shinkafa ta fi ta girma. Hannunsa ko motsi. Ban taɓa lura da yadda hannun mutum ke iya tsayawa cak ba sai da na Baba ya daina.

"A'a, yau da wa na yi gamo? Kin kasa haƙuri har yamma ke nan?"

"Wuƙar na zo gani."

Ya janyo aljihun tebur da murna kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga. A cikin takarda mai maiƙo take naɗe. Ya ce wani dattijon maƙeri ne ke yin su da hannu, sai da ya yi ta sintiri kafin ya samu, jiya-jiya ya karɓo. Ya ɗora mini a tafin hannu.

Zan faɗi gaskiya, ta yi kyau, kuma kyan nata ne ya fi tayar mini da hankali. Tsawonta a naɗe bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba, amma tana da nauyi fiye da yadda ido ke zato. Mariƙinta na ƙaho ne, baƙi daga ƙasa, yana washewa zuwa ruwan zuma ta sama, sumul, an kafe shi da ƙusoshin tagulla. Sanyi gare ta da ƙamshin man keke. A gefen ruwan wuƙar, wato ƙarfen mai kaifi, akwai 'yar tsaga inda ake sa farce a ɗago. Sak irin ta Baba, sai dai wannan sabuwa ce fil, ba ta san hannun kowa ba.

"Buɗe ki gani."

Na sa farce na ja. Ko gezau. Na ƙara ƙarfi, farcena ya lanƙwashe har sai da na yi ƙara. Ya yi dariya ya karɓa, ya ɗago ta a hankali, ta miƙe da wani sauti, ƙas. Ya goga a bayan hannunsa, gashi ya zube. Ya ɗaga takardar da aka naɗo ta, ya ja kaifin a kai, ta rabu biyu ko ƙara babu.

"Ina makullinta?" na tambaya. Muryata har ta canza.

"Ai irin ta da ba ta da makulli. Wannan ƙarfen na bayanta ne ke riƙe ta. In kin ɗago ta har ƙarshe ta tsaya, in kika sake ta a hanya ta koma da kanta. Kin gani?" Ya ɗago rabi ya saki. Ta rufe da ƙarfi har sai da na zabura. "Dattijon ya ce sabuwa tauri gare ta, a kau da yatsu daga bakin ramin har ta saba. Amma Baba ai ba sai an gaya masa ba."

Na tsaya ina kallon ramin da ruwan wuƙar ke komawa. Yatsun Baba kawai nake gani a wurin.

"Ka ga," na ce, "kada ka ba shi. An ce kyautar wuƙa tana yanke zumunci."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Su wane ne mutane? Ke da kika ce camfi aikin marasa aikin yi ne?"

"To ka ba shi agogo mana."

"Mai agogo ya kai agogo, ai sai a ce ragowar shago na kwaso. Auta, lafiya? Fuskarki ta yi wani iri."

Maganar ta zo har bakina. Na ji muryar Mama tana cewa ban yafe ba, na haɗiye. Na ce masa kaina ne ke ciwo. Da na ce ya kawo in kai wa Baba da kaina, sai ya mayar da ita takarda ya ce a'a, yana so ya ga idon Baba lokacin da zai buɗe.

Na koma gida. Mama ta ce to shi ke nan, in ya zo in karɓe duk ledar da ya riƙo tun daga bakin ƙofa, in ya so daga baya mu san yadda za mu yi. Ta shirya falo kamar mai shirin yaƙi. Ta ja labulen tagar gabas, ta mayar da kujerar Baba lungun da haske bai kai sosai ba, ta ɗora masa matashin kujera a cinya don ya tura hannayensa ƙarƙashi. An yi da shi cewa ba zai taɓa kofi ba, zai ce yanzu ya sha. Baba yana zaune cikin farar rigarsa da Mama ta ɓalla masa maɓallai.

Na sa rigar, na jawo mayafi ya rufe inda guga ta ƙona. Kwalli sai da na goge na sake.

Bayan la'asar ya yi sallama. Riga shuɗiya mai haske, takalmi ya sha mai, leda a kowane hannu. Na tare shi a bakin ƙofa na karɓe duka biyun har da fara'ar dole, na wuce kicin na zazzage. Lemo ne cike da ɗaya, ɗayar sabulu da turare. Na girgiza ledojin, na leƙa ciki. Babu.

A aljihun ƙirjinsa take. Da na shigo da tiren ruwa na hango tudunta.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Baba ya amsa daga inda yake, ya yi masa nuni da kujera da haɓa. Mama na gefe kan ƙaramar kujera tana ta jan hira, ina aiki, ya mahaifiyarka, ya kasuwa, ba ta barin shiru ya sauka. Baba ya ce in kawo lemon da aka zo da shi in zauna. Na zauna a bakin kafet. Har na fara sa rai ya manta.

"Baba," ya ce, "Auta ta ba ni labarin wata wuƙa da ta ɓace maka."

Mama ta yi tari. "Ai ka sha ruwa tukuna, ɗana."

Ya riga ya ciro. Ya buɗe takardar, ya matso a kan gwiwoyinsa, ya miƙa da hannu biyu.

Na ga idon Baba. Rabon da in ga wannan hasken a fuskarsa tun kafin ciwon. Ya manta da mu, ya manta da matashi. Hannun damansa ya fito, na hagu ya biyo, suna karkarwa a fili kowa na gani. Ya ɗauki wuƙar, ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina.

"Ƙaho ne," ya ce a hankali. "Wanda ya yi ta ya san aiki."

"Malam, kawo in ajiye maka," in ji Mama, ta miƙe.

"Zauna."

Ta zauna.

Ya riƙe mariƙin da hagu. Da can da bakin yatsu yake riƙewa ta gefe, ni shaida ce. Yau don ya hana hannun rawa sai ya damƙe ta gaba ɗaya, yatsunsa suka zagaye ta. Ya sa farcen dama a tsagar, ya kuɓuce. Ya sake, ya kuɓuce. Gumi ya tsatso masa a goshi. A na gaba ya kama, ya sassauta damƙar, ruwan wuƙar ya fara ɗagowa, yana ƙyalli, yana rawa tare da hannun. Da ya ji za ta suɓuce sai ya sake damƙewa, yatsunsa suka kwanta a kan bakin ramin, daidai inda dattijon maƙerin ya ce a kiyaye. Ta kai rabi. Na ga farcen yana zamewa.

Ban ga lokacin da Mai Agogo ya motsa ba. Ƙarar kawai na ji, ba irin ta shago ba, wannan a toshe take. Ya cusa hannunsa tsakanin kaifin da yatsun Baba, ta rufe a kan manuninsa na dama. Wannan yatsan da yake ɗaukar ƙusar da ba a gani.

Na yi ihu. Jini ya ɗiga a kan matashin, ya ɗiga a farar rigar Baba. Ya ɗago ruwan wuƙar da ɗayan hannun, ya zare yatsan, ya rufe ta, ya ajiye a tebur. Na fizge mayafina na naɗe masa, ina kuka ina danna wurin, na ma manta a gaban wa nake.

"Laifina ne, Baba," ya ce, yana cije leɓe. "Ni na yi garaje. Sabuwa ce, tauri gare ta, ni ma jiya sai da ta kusa..."

"Yaro," Baba ya katse shi, "ni ba ƙaramin yaro ba ne."

Baba ya ture matashin ya faɗi ƙasa. Ya miƙa hannayensa biyu a gaban Mai Agogo, ya bar su suna ta rawarsu.

"Duba da kyau. Wannan ne aka ja labule don kada ka gani. Ba laifin uwarta ba ne ita kaɗai, ni ma na yarda aka ɗora mini matashi, don tsoro nake ji. Ka sani kafin yau?"

"A'a, Baba. Sai da ka ɗauke ta na gani."

Sai Mai Agogo ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce ma da na fi so. Kallon wanda ya tuna da safe ya tambaye ni lafiya na ce kaina ke ciwo. Na sunkuyar da kai.

Baba ya ce in kawo akwatin magani, sannan ni da Mama mu ba su wuri.

Muka tsaya a bayan ƙofar kicin. Mama ta zauna a kan buhun shinkafa ta rafka tagumi, tana ta cewa shi ke nan, an gama, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni kuwa na manna kunne. Maganarsu ƙasa-ƙasa, ba na jin komai. Can na ji ƙas. Na kama mariƙin ƙofa. Sai na ji muryar Baba.

"Ba haka ba! Lemon za ka juya, ba wuƙar ba. Kai, wannan ai kisa ne ba fira ba."

Sai dariya. Dariyar Baba. Mama ta ɗago kai ta dube ni, hawaye suka zubo mata.

Da aka kira mu, mun tarar da faranti cike da gutsattsarin ɓawo, da wani lemo da ya sha wahala, rabi fari rabi rauni. Mai Agogo na riƙe da wuƙar a karkace, yatsansa ya sha bandeji yana tsaye shi kaɗai. Ya goge ta, ya rufe, ya miƙa. Baba ya karɓa, bayan ɗan kokawa ya jefa ta aljihun ƙirjinsa.

"A nan za ta zauna," ya ce. "Ba a buhun barguna ba."

Mama ta buɗe baki. Ashe ya sani tun tuni.

"In ina son lemo, shi zai zo ya buɗe mini. Ya ce ya ji ya gani."

Wallahi daɗi ya kama ni. Amma tsugune ba ta ƙare ba, Baba bai gama ba.

"Sai dai ba zan ba da 'yata a cikin duhu ba. Mahaifiyarsa ta zo ta zauna a nan, a buɗe labule, in ɗauki kofin shayi a gabanta. In ta gani ta ce ta yarda, to. In ta ce a'a, kowa ya kama gabansa, ba gaba ba faɗa."

"Malam!" in ji Mama. "Ka san ko wace ce matar nan?"

"Shi ya sa."

Na raka shi bakin ƙofa. Ina so ya yi magana, ko faɗa ne. Ya sa takalminsa da hannu ɗaya, ya ce in gaida Mama, ya tafi da mayafina naɗe a ledar da ya kawo lemo, wai zai wanko.

Kafin magariba na kasa daurewa, na rubuta masa, "Ya yatsan?"

Ya daɗe yana rubutu, na san da hagu yake yi.

"An yi ɗinki. An ce in huta da aiki tukuna."

"Ka yafe mini. Mama ce ta..." Na goge. Na rubuta, "Tsoro na ji kada in rasa ka."

"Yatsa zai warke, Auta. Abin da ke mini zugi, kin tsaya a shagona wuƙar na hannunki, kin san abin da za ta yi masa, kika ce mini kanki ke ciwo."

Ina riƙe da wayar wani saƙon ya shigo.

"Na gaya wa mahaifiyata komai, har da yatsan. Ba ta ce uffan ba. Ta dai ce a goge mata mayafi. Gobe da hantsi za mu zo."

Ban san ma'anar shirun matar nan ba, kuma ban san ko ɗanta zai sake kirana ranki ya daɗe ba. Na fito falo don in gaya wa Baba. Na tarar ya riga ya zuge labulen da kansa, har ƙugiya ɗaya ta ɓalle. Ya jawo kujerarsa daga lungu zuwa gaban taga, yana zaune, wuƙar a naɗe cikin tafinsa tana rawa tare da shi.

"Gobe za ta zo, Baba."

"To," ya ce. "Ki fito mini da kofin gilashi, wanda ya fi ƙara a kan faranti."